Ƙararrawar Harafi na Saba'in da Biyu

Suna ɗaya ne rak a kan takardar da Darakta ya turo mini ta saman teburinsa. Tambari Gidan Dare, mai bugun rubutu, shekara talatin da ɗaya a bakin aiki. A ƙasa an rubuta cewa a yi masa ritaya nan take saboda sakaci. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a 1978 ya san abin da "nan take" ke nufi. Soja ke mulki, kuma in suka sallami mutum ta wannan hanya, a rediyo iyalinsa za su ji tun kafin ya iso gida, sunansa jere da na masu hannu dumu-dumu a dukiyar jama'a.

"Ranka shi daɗe, mi yay yi?" na ce.

"Kin hi kowa sani, Bara'atu," in ji Daraktan, Alhaji Attahiru, bai ko ɗago kai ba. "Manjo na son suna ran Juma'a. To, ga suna."

"Wallahi ba laihinai ba na."

"To naki na?"

Na yi shiru. Har yau ina jin haushin wannan shirun, don da gaskiya zan bi, da na ce eh, rabinsa nawa ne.

Bari in koma baya kaɗan, don na san ba kowa ne ya ga irin aikinmu ba. Lokacin kuɗin fetur ne, gwamnati na sayen duk abin da aka nuna mata hotonsa, sai ta sayo wa ofishinmu kwamfuta. Akwatuna uku ne, kowanne ya kai tsayin mutum, a ɗaki mai sanyi wanda sai ka tuɓe takalmi kake shiga. A Sakkwato, cikin bazara! Mutanen da ba su da wata hulɗa da mu sai su ƙirƙiro dalilin zuwa gaisuwa, su tsaya a ƙofa suna lumshe ido. Ni ce mai rubuta wa injin umarni, abin da muke kira furogiram. Mu biyu aka ɗauka, ɗayan ya tafi kwas Ingila ya ga wuri ya zauna, aikin ya rage a kaina ni kaɗai. Babban aikinmu a shekarar shi ne rabon takin zamani: a ba injin yawan gonakin kowane ƙauye, na tudu da na fadama, ya fitar da buhu nawa za a kai musu. Wani Manjo ne shugaban kwamitin rabon, mutumin da ko dariya in zai yi sai ya duba agogo.

Ni ban iya bugu da sauri ba, kuma ba na jin kunyar faɗi. Da hannu nake rubuta furogiram ɗina, a littafin makaranta mai layi, in miƙa wa Baba Tambari. Shi zai zauna gaban allon, wanda duk ofis ke kira talbijin, ya shigar da shi cikin injin ta wani ɗan furogiram na kamfani da ake kira edita. Editan nan shi ne takardarmu da alƙalaminmu, ba a rubuta komai sai ta cikinsa.

To, injin yana da wani mugun hali da ya gada tun zamanin da ake ba inji umarni da kati mai huji-huji. A kowane layi, harafi saba'in da biyu kawai yake karantawa. Duk abin da ya wuce nan zai bar ka ka buga, zai ma fito maka da shi a takarda tsaf, amma wurin lissafi sai ya yi kamar bai gani ba, kuma ba zai ce maka uffan ba. Saboda haka tsohon editan yake da 'yar ƙararrawa. Da zarar mai bugu ya kai harafi na saba'in da biyu sai allon ya ce tin! Shi ke nan aikinta.

Baba Tambari tun zamanin En'e yake bugun tafireta. Idonsa a kan takarda yake, bai taɓa kallon yatsunsa ba, balle allon nan mai koren rubutu da ke sa shi hawaye in ya daɗe yana dubawa. Da kunne yake aiki. Ƙararrawa na kaɗawa zai yanke layin, ya sa alamar ci gaba a na ƙasa, ya wuce, ko numfashi ba ya sakewa. Akwai takarda ta musamman mai gida-gida tamanin da ya kamata in riƙa rubutu a kai don in ƙirga harufan da kaina. Na tsane ta, tana matse mini tunani. Da na ga Baba da ƙararrawarsa sun ɗauke mini wannan wahala, sai na jefa takardun a ƙasan kabad. Shekara biyu muna haka, ko sau ɗaya ba a samu kuskure ba.

Cikin watan Maris sai ga injiniyan kamfani daga Ikko, da kwat da jaka, ya zo da sabon edita a kan tef. Ya yi ta yabonsa: ya fi sauri, ya fi kyau, yana iya neman kalma da kansa. Ya ɗora sabo, ya naɗe tsohon tef ɗin ya sa a jakarsa. Ko minti goma Baba bai yi a kan allon ba ya juyo.

"Malama, abin ga ya kurumce. Ba shi kaɗawa."

Na bi injiniyan har bakin mota na tambaye shi. Ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa ƙaramin yaro, ya ce ai wannan kwamfuta ce, ba tafireta ba, tsohon ya koyi kallon allo. Na faɗa wa Darakta, ya ce kada in ɗaga masa hankali a kan ƙararrawa, sai ka ce keke. Ni ma, Allah ya yafe mini, na bar maganar nan. Baba ya koma ƙirga harufa a zuci, yana ɗaga kai yana matse ido a kan duk layin da ya ga ya yi tsawo. Cikin layi ɗari takwas da wani abu na furogiram ɗin rabon taki, guda ɗaya ya kuɓuce masa.

Kuma da yake abin zai zo da ƙarar kwana, layin da ya kuɓuce shi ne na haɗa jimla. Gonakin tudu suna farkon layin, gonakin fadama suna can wutsiya, bayan harafi na saba'in da biyu. Injin ya karanta tudu, ya watsar da fadama, ya fitar da lissafi cikin natsuwa. Na duba takardar da ya buga, na ga layin cif yadda na rubuta shi, na sa hannu. Motoci suka ɗauki taki suka bi ƙauyuka.

Bayan sati biyu muka iske mutanen Kwalkwalawa da na wasu ƙauyukan bakin gulbi zaune a ƙofar ofis, a ƙarƙashin dogon yaro. Manoman shinkafa ne, kusan duk gonakinsu fadama ne. Ƙauyen da ya saba samun mota guda an kai masa buhu shida. Ba su yi hayaniya ba, zama kawai suka yi, sun kai su sittin, ga damina na ƙaratowa. Manjo ya zo ya gan su, ya shiga ofishin Darakta, muna jin muryarsa daga ɗakin sanyi duk da ƙugin injin. Kwana biyu na yi da rula a kan takarda ina ƙirga harufa kafin in gano inda abin ya karye. Na gyara, aka sake lissafi, aka tura motoci. Da gudu na kai wa Darakta bayani, ina murna na gano gaskiya, ashe wuƙa na miƙa masa. Abin da ya ji kawai shi ne mai bugu ya wuce layi.

Ranar Litinin ɗin da aka nuna mini takardar, bayan la'asar, na tafi unguwar Gidan Dare, gidan Baba. An riga an ce wa Baba ya zauna gida har sai an neme shi. Na iske shi a zaure kan tabarma, da tabaransa a hannu yana goge su da bakin riga. Matarsa Inna Dije ta miƙo mini ruwa ta koma ciki, ko gaisuwar kirki ba ta iya amsawa ba.

"Baba, ni nis sa ka cikin wanga hali," na ce.

"A'a, ɗiyata. Yatsana na yab buga."

"Da na yi rubutu bisa takardar da anka ce, da ba a kai nan ba."

"Da ƙararrawa na nan, da ba a kai nan ba," ya ce. Ya maida tabaran. "Ki bar shi. Aikin ga na gaji da shi dama. Ba shi nika ji ba. Rediyon nika ji. Unguwag ga kowa ya san ni, ko allura ban taɓa ɗauka ba. Ran Juma'a in anka karanta sunana tare da waɗancan, wa za ya tsaya tambayar mi niy yi?"

Ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar, in ban da na koren allo. Na tashi ban yi sallama da kyau ba, don na san in na ƙara minti ɗaya zan fashe da kuka, ni kuwa ba kuka na zo yi ba.

Washegari tun da safe na sa aka nema mini Ikko ta waya. Sai wajen sha ɗaya layi ya shiga. Na tambayi injiniyan dalilin cire ƙararrawa. Ya ce manyan ofisoshi a Turai ne suka yi ƙorafi, wai masu bugu arba'in a ɗaki ɗaya, ƙarar na damunsu. Na ce to mu nan masu bugu uku ne, kuma ba mu yi ƙorafi ba, a maido mana. Ya ce in rubuta buƙata a takarda, za a tura hedikwata, in an ga dacewa wataƙila a duba a fitowa ta gaba, nan da shekara ɗaya da rabi. Na ce a aiko mana da tsohon tef. Ya ce an daina amfani da shi. Sannan ya sauya murya ya ja mini kunne: a cikin kwangila an rubuta ba mai taɓa cikin editan sai ma'aikacin kamfani, in muka taɓa, garanti ya tashi.

Shekara ɗaya da rabi! Ni da nake da kwana uku. Na ajiye wayar da ƙarfin da sai da mai haɗa layi ya leƙo.

Abin da na riƙe a raina shi ne, baki ba zai fid da Baba ba. In na tsaya gaban Manjo ina bayanin harafi saba'in da biyu, zai duba agogo kafin in kai rabi. Sai dai ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa. Kuma na san halin masu rubuta furogiram, don ni ma ɗaya ce daga cikinsu: malalata ne mu. In aka ce mu cire abu, da wuya mu tumɓuke shi da saiwa, sai mu toshe masa baki mu wuce. Na ce a raina, ƙararrawar nan tana ciki, bakinta aka ɗaure.

Na sa injin ya amayo mini cikin editan gaba ɗaya a takarda. Ba kalma ko ɗaya, lambobi ne zalla, shafi ɗari biyu da goma sha. Na shimfiɗa su a daɓen ɗakin sanyi, na durƙusa da jan biro da littafin injin a gefe, ina neman duk inda lambar saba'in da biyu ta fito. Ƙasimu da Hasana, sauran masu bugun biyu, suna tsallake ni suna wucewa, sun ɗauka na zautu. Darakta ya leƙo sau ɗaya ya tambaye ni me nake yi. Na ce ina duba lafiyar injin. Ya ce madalla.

Wuri goma sha ɗaya na samu. Kowanne sai na bi lambobin da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya in fassara abin da suke sa injin ya yi. Na farko na faɗin takarda ne. Na biyu ba ruwansa da layi ko kaɗan. Ranar Laraba gwiwoyina suka kumbura, sanyin ɗakin ya sa mini mura, ina ta zagin Turawan da ban taɓa gani ba da kakanninsu. Ranar Alhamis da hantsi na kai na tara. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: in mai bugu ya kai saba'in da biyu, aika wa allo da wannan lamba. Lambar da ke sa allo ya yi ƙara ita ce bakwai. Su kuwa sai suka goge bakwai suka sa sifiri. Wato duk watannin nan, kullum Baba ya kai bakin layi, editan na aika saƙo, saƙon ne babu komai a cikinsa.

Lamba ɗaya tak. A kanta za a karanta sunan dattijo a rediyo, a kanta aka ce in jira shekara ɗaya da rabi. Wallahi da injiniyan na kusa da na jefe shi da takalmi, sai dai ma takalmin na waje.

Na kwafi editan gefe guda, na bar na kamfani yadda yake. A cikin nawa na maida sifiri bakwai. Na zauna gaban allon, na danna harafi ɗaya ina ƙirgawa a fili. Saba'in. Saba'in da ɗaya. Tin! Hasana ta saki takardun hannunta ta ce, "La ilaha illallahu, ta dawo!" Na ce mata ta rufe mini baki har gobe.

Ran Juma'a da kaina na je na ɗauko Baba a motata. Ya ƙi da farko, wai an ce ya zauna gida. Na ce in bai shiga ba zan zauna a ƙofar gidansa in yi ta danna ham har unguwa ta taru. Ya san zan aikata, ya sa hularsa ya shigo.

Ƙarfe goma daidai Manjo ya iso karɓar suna. Na san ba zai wuce ɗakin sanyi bai shiga ba, ba wanda ke wucewa. Shi kaɗai ne ba ya tuɓe takalmi. Yana shigowa, Darakta na biye da shi da fayil a hammata, suka iske Baba zaune gaban allo, ni ina tsaye a kansa.

"Mi ya kawo wanga nan?" in ji Darakta.

Ban kula shi ba. "Yallaɓai," na ce wa Manjo, "minti biyar nika roƙo. In ban gamsar da kai ba, ka haɗa da sunana."

Ya duba agogo. "Biyar," ya ce.

Na buɗe editan kamfani, na ba Baba layin nan na haɗa jimla. Na ce wa Manjo ya kalli idon tsohon. Baba ya buga, idonsa a kan littafi, har ƙarshen layi, ɗakin shiru sai ƙugin injin. Na sa aka yi lissafin Kwalkwalawa kaɗai. Takarda ta fito: buhu shida. Na miƙa masa. Sannan na buɗe nawa editan, na ce Baba ya sake, layi ɗaya, littafi ɗaya. Bai san abin da na yi ba, ban faɗa masa ba. Yana cikin bugu allon ya ce tin! Yatsunsa suka yanke layin da kansu, suka sa alamar ci gaba, suka ƙarasa. Sai da ya gama sannan ya ɗago kai ya dube ni, bakinsa a buɗe. Takarda ta fito: buhu ɗari biyu da arba'in.

Manjo ya riƙe takardun biyu, ɗaya a kowane hannu. Da Hausarsa ta bariki ya ce, "Mutum ɗaya, hannu ɗaya. Me ya canja?"

"Ƙararrawa, yallaɓai. Da can akwai ta, kamfani sunka cire cikin watan Maris. Tsohon ga ya hwaɗi tun ranar, ni na kai magana gaba, anka ce ƙararrawa ta keke ta."

Darakta ya yi tari. Ban dube shi ba, ban kuma ce shi ne ya faɗa ba, amma ɗakin ba shi da girman da za a rasa gane wa ake nufi.

"Kuma akwai nawa laihi," na ce. "Akwai takardar da ta kamata in yi rubutu bisa, na ƙi ta. Ni kuma nis sa hannu ga lissahin."

"Wa ya maido ƙararrawar?"

"Ni."

"Da izinin wa?"

"Ba kowa."

Nan Darakta ya samu bakin magana. Ya buɗe fayil, ya shiga karanto kwangila, garanti ya tashi, injin miliyoyi, yarinya ta yi gaban kanta, in kamfani suka ji ba za su ƙara taka Sakkwato ba. Na ce masa ai ko da garantin, sau ɗaya suka taka, kuma ga abin da suka bar mana. Manjo ya ɗaga hannu, muka yi shiru.

"Kawo takardar," ya ce.

Darakta ya miƙa. Manjo ya ciro biro ya ja layi biyu a kan sunan Baba, ya sa hannu a gefe. "Ba zan kori mutum don injin ya kurumce ba. Ƙararrawa ta zauna." Ya juyo kaina. "Ke kuma ba ki da ladabi. Darakta, wannan ma'aikaciyarka ce, ka san yadda za ka yi da ita." Ya duba agogo ya fita. Minti tara muka ci, na lura, bai ce komai ba.

Ranar Litinin Baba ya dawo bakin aiki da farar riga sabuwar wanki. Ko zama bai gama yi ba Darakta ya shigo wurinmu da kansa, abin da bai saba ba, da wata takarda rubutun hannu. Ina tsaye a wurin da littafina. Ya ajiye ta gaban Baba, kusa da tsohuwar tafiretar da ake buga wasiƙun ofis.

"Tambari, buga min wagga. Kwahi ukku."

Takardar tuhuma ce, tawa. In yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ba za a hukunta ni ba saboda taɓa kayan gwamnati ba da izini ba. Na san tana tafe, ban damu ba, iyakarta a hana ni ƙarin girma shekara ɗaya ko biyu. Baba ya gyara tabarau ya karanta ta tun daga sama har ƙasa. Sannan ya tura ta gefe da yatsa ɗaya.

"Ranka shi daɗe, ba ni bugawa."

"Mi kac ce?"

"Na ce ba ni buga ta."

Na sunkuya kusa da kunnensa, raina a ɓace. "Baba, don Allah buga abin ga! Kwana ukku niy yi bisa gwiwa don ka zauna kujerag ga, yanzu ka tashi zubar da ita a kan takardar banza?"

Bai rage murya ba, don kowa ya ji. "Ɗiyata, shekara talatin da ɗaya ban taɓa tambayar mi ke cikin takarda ba. A ba ni, in buga. Shekara ukku da sunka wuce, da anka yi ta sallamar mutane, hannun ga nawa ya buga ta mutum goma sha tara. Wasu tare munka yi makaranta. Ina bugawa ina ce ma kaina ni mai bugu na kawai. Sati guda niy yi zaune cikin zaure ina jiran tawa, na san yadda abin yake yanzu." Ya juya ga Darakta. "In kora ta, ranka shi daɗe, a kore ni a kan wanga. Wanga kam ni niy yi shi, kuma in anka hwaɗe shi a rediyo ba ni jin kunya."

Hawayen da na hana kaina a Gidan Dare suka zubo, a gaban Darakta, a gaban kowa, ban ko share ba.

Alhaji Attahiru ya ɗauki takardarsa. Ya san ba zai iya komawa wurin Manjo da sunan da Manjo ya soke da hannunsa kwana uku da suka wuce ba. Ya miƙa wa Ƙasimu. Ƙasimu, wanda shi ne ya buga ta Baba a satin da ya gabata, ya sunkuyar da kai ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin tebur. Ya juya wajen Hasana, ta ce ita yau ko za a yanka ta ba za ta taɓa ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin da takarda a hannu, yana duban wannan yana duban wancan, babu wanda ya ɗago. Daga ƙarshe ya rungumi tafiretar da kansa, da nauyinta da komai, ya yi ofishinsa da ita, muna jin yana lalubenta da yatsa biyu.

Baba Tambari ya jawo kujerarsa gaban allon, ya miƙo mini hannu.

"Malama, kawo aikin yau."

Na goge fuskata da bakin gyale, na buɗe littafin na ba shi.